Man Duro a Babur ɗin Yaya Labbo

Kun girma kuna jin ana cewa ni na gurgunta baffanku Alhaji Labbo. Ba a gabana ake faɗa ba, amma na san ana faɗa. Ran sunan ɗiyar ɗan'uwanku Sa'adu, ina zaune a ƙofar gida, na ji wata jikar Yaya Labbo tana nuna ni da baki tana ce wa ƙawarta, "Wancan tsohon shi ya lalata babur ɗin kakanmu." Yarinyar ba ta kai shekara goma ba. Ashe ƙarya ma gadonta ake yi kamar gona. Inna ta daɗe da rasuwa, Yaya Labbo ya tafi, Ɗantani ya tafi, gwaggonku Kulu kuma bara muka kai ta. Ita ce ta ƙarshe cikin waɗanda na yi shiru dominsu. Yanzu zan faɗa, kuma ba zan sa wa maganar zuma ba.

Ni aikin inji na koya wurin ginin dam ɗin Kainji, ina saurayi. Da aiki ya ƙare ruwa ya cika, na dawo Yelwa na buɗe gareji kusa da tasha. Ina gyaran babura, da injin niƙa, da injinan jiragen ruwa na masunta. Lokacin da muka zama 'yan jihar Sakkwato, duk bakin ruwan nan har Wara in inji ya gagara cewa ake yi a kai wa Mamman. Ba yabon kai nake yi ba. Ina so ku san girman abin da aka karɓe mini.

Yaya Labbo ya girme ni da shekara takwas, kuma tun rasuwar mahaifinmu shi ne babba a gida. Fataucin kifi yake yi. Yakan sayi banda a Wara da ƙauyukan bakin ruwa, ya cika mota ya tura Anacha. Mutum ne mai kyauta, wannan ba zan hana shi ba, amma yana son a gan shi, kuma a duniya ba abin da ya tsana kamar ƙaninsa ya fi shi sanin wani abu. A shekarar da nake ba ku labari ya je Kaduna ya sayo babur hannun wani Bature da zai koma ƙasarsu. Ba irin ƙananan baburan malaman makaranta ba ne. Silinda huɗu gare shi, salansa huɗu, baƙi da ja, nauyinsa sai ƙarti biyu suke tayar da shi in ya faɗi. Ranar da aka sauke shi daga mota, kasuwa ta watse. In ya murɗa totur, awaki sai su tsinke igiya.

Babur ɗin ya zo da littafinsa. Yaya bai iya boko ba, sai ya jefo mini shi. Na zauna na karanta da ɗan Turancina na gareji, shafi bayan shafi, har na zo inda aka yi maganar mai. Bari in yi muku bayanin da ba wanda ya bari na yi a lokacin. A zamanin nan fetur iri biyu ake sayarwa a gidan mai, akwai supa akwai regula. Bambancinsu wata lamba ce da ake kira okten, wato gwargwadon yadda mai yake jure matsi bai kama da wuta da kansa ba. Ƙaramin babur ba ya matse mai sosai, regula ya ishe shi, in ka ba shi supa ma ɓarna ka yi. Amma irin wannan injin matse mai yake yi ƙwarai kafin fulogi ya ba da wuta, nan ƙarfinsa yake. In ka ba shi mai mara juriya, sai man ya fashe tun lokacinsa bai yi ba, ya doki fistin a ka yana cikin tasowa. Za ka ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa cikin gwangwani. Duk ƙara ɗaya guduma ce. In aka daɗe a haka, fistin zai yi zafi ya huje. Littafin ya faɗi lambar da injin yake bukata ƙarara, kuma supa kaɗai ya kai ta.

Na same shi a zaure da mutanensa, na ce, "Yaya, wanga babur supa kaɗai za a riƙa ba shi. Kada a kuskura a zuba mai regula."

Ya yi dariya ya ce, "Mai ai mai na, Mamman. Kowane ka ƙyasta ma ashana kamawa za ya yi."

Na ce, "Ba ni nac ce ba, waɗanda sunka ƙera shi sunka ce."

Ya dubi mutanensa ya ce, "Kun gani? Turawan dam sun cika mai kai da iyayi."

Duk da haka watannin farko ya bi maganata, don abu sabo ne yana ɗokinsa. Matsalar ita ce a Yelwa kaɗai ake samun supa, shi kuwa sau biyu a mako yake zuwa Wara, babur ɗin kuma shan mai gare shi kamar raƙumi. Na ba shi jarka na ce ya riƙa ɗaurawa a baya saboda dawowa. Ya ce shi ba zai hau babur irin wannan da jarka a baya kamar mai tallan man gyaɗa ba.

A Wara kuwa akwai Ɗantani, mijin ƙanwarmu Kulu. Yaya ne ya kafa shi a sana'a. Yana da durorin mai a bakin ruwa yana sayar wa masu jirage. Ni na san abin da yake yi, don ni nake buɗe injinan da suka sha mansa. Regula yake sayowa, ya ƙara masa kananzir don ya yi auki. Na taɓa jan shi gefe na yi masa magana, ya rantse mini da abin da zai kashe shi cewa sharrin abokan sana'a ne. Kananzir kuwa ba abin da ya kai shi karya juriyar fetur. Regula ma bai isa injin Yaya ba, balle regula da aka tsinka.

Ana shiga bazara sai tankar mai ta yi makonni ba ta kawo supa Yelwa ba. Yaya ya fara zuba regula bai gaya mini ba. Ba sai an gaya mini ba. Wata rana ina ƙarƙashin wata mota, ya hawo gangaren nan na bayan tasha, na ji tsakuwar tana kaɗawa tun daga nesa. Na fito da gudu na tare shi a hanya. Na roƙe shi ya bar mini babur ɗin yini ɗaya, na ja lokacin wutarsa baya kaɗan, yadda fulogi zai riƙa jinkirta ba da wuta. Wannan dabara ce da ke sa inji ya jure mai mara kyau, amma tana rage masa ƙarfi. Na gaya masa haka. Ya ce to.

Kwana biyar ya dawo garejin kamar zai ci ni ɗanye. Wai a hanyar Kontagora wani duba-gari a kan ƙaramin babur ya jera da shi har ya ɗaga masa hannu. Garejin cike da mutane, har da masunta biyu da suka kawo inji daga Ngaski.

Ya ce, "Ka maishe min da babur jaki! Hassada ta, ko mi?"

Na ce, "Yaya, ranka nika tsarewa. In na maishe shi yadda yake kuma ka ba shi regula, injin ga ba ya kai damina."

Ya ce, "Babur ɗinka na ko nawa? Ɗauko sifana."

Ga laifina, guda ɗaya, kuma ba zan ɓoye muku shi ba: na ɗauko sifanar. Da na ce a'a, ya je ya nemi wani. Amma wana ne, gaban mutane ne, kuma kalmar hassada ta soke ni. Na ce zan mayar, da sharaɗin ya yi mini alkawari ba zai ƙara zuba komai ba sai supa. Ya ce, "Wallahi, na ji." A ranar na sami wani direba mai zuwa Kontagora ya cika mini jarka biyu da supa, na kai su da hannuna na ajiye a zauren Yaya. Na ce ga na zuwa ga na dawowa.

Kwana uku bayan haka ya tafi Wara. Jarkokin suna nan zaure inda na ajiye su, ɗaya ya buɗe ya cika tanki, ɗayar ko taɓa ta bai yi ba. Da zai dawo bayan azahar, rana tana dukan ƙasa, man ya yi ƙasa, sai surukinsa Ɗantani ya kafa mazurari ya cika masa tanki daga duro, kyauta, girmamawa ga Alhaji. Ya ɗaura buhun kifi a baya ya kama hanya, ya murɗe totur har ƙarshe. A wani hawa, injin ya cije. Tayar baya ta tsaya cak yana tsakiyar gudu. Babur ɗin ya yi jifa da shi, sannan ya bi shi ya danne masa ƙafar hagu. Wasu Kambari da ke sharar gona suka ɗauko shi a kan ƙyauren bukkarsu zuwa bakin hanya, wata motar itace ta kawo shi asibiti. Cinya ta karye wuri biyu, ƙugu ya goce.

Washegari da safe na je na ɗauko babur ɗin. Kafin in taɓa komai na buɗe tanki na shinshina. Warin fitila ya doke ni. Na ɗiga man a kan takarda na shanya a rana. Fetur na gaskiya bushewa yake yi ya ɓace, wannan kuwa ya bar tabon maiƙo kamar an ɗora ƙosai. Na ɗebi kwalba guda na toshe. Da na kwance injin a gareji, fistin na uku ya huje, babban yatsana yana wucewa ta ramin, ɓaraguzansa kuma sun shiga sun cije komai. Bakin fulogin ya narke. Ko makaho ya shafa ya san abin da ya faru.

Amma kafin in gama kwance injin, an riga an gama shari'ata. A bakin gadon asibiti, gaban 'yan dubiya, Ɗantani ya girgiza kai ya ce, "Ikon Allah. Kwana ukku kacal da Mamman yat taɓa injin ga." Iyakar abin da ya ce ke nan. Wanda ya gaya mini ya ce Yaya idonsa biyu a lokacin, ya ji, sai ya lumshe ido. Mutanen da suka gan ni da sifana a hannu ran da muka yi cacar baki suna da yawa. Kafin la'asar magana ta kai kasuwar kifi: Mamman ya kwance wani abu a babur ɗin wansa don baƙin ciki. Masu sauƙin baki suka ce kuskure ne.

Dattawan unguwa suka ce bayan sallar Juma'a a taru a zauren Yaya in yi bayani. Na yi murna. Na naɗe fistin a tsumma, na ajiye kwalbar kusa da shi, na nemi masuntan nan biyu da suka ji alkawarin da Yaya ya yi. Ran Alhamis da hantsi Inna ta aiko kirana. Na tarar da ita zaune bakin gado, Kulu a ƙasa ta haɗa kai da gwiwa. Ashe Kulu ta san abin da mijinta yake zubawa a duro, ita ta zo ta faɗa wa Inna tana kuka.

Inna ta ce, "An ce kana da kwalba."

Na ce, "Ina da ita, Inna."

Ta ce, "In ka hito da ita gobe, wa za ya ƙara sayen mai ga Ɗantani? Masunta kashe shi za su yi bakin ruwa. Kulu da ɗiyanta biyar ina za su? Ɗan'uwanka kuma yana kwance ba a san ko za ya tashi ba, kana son gari ya ce shi yaj ja ma kanshi, ya yi rantsuwa ya karya?"

Na ce, "To ni fa, Inna? Sunana fa? Cewa aka yi na so kashe shi."

Ta ce, "Suna ba ya karyewa kamar ƙahwa. Kai namiji na, sana'arka tana hannunka. Magana ta, iska za ya kwashe ta." Sannan ta kama hannuna, abin da ba ta taɓa yi ba tun ina yaro, ta ce, "In ni na haihe ka, Mamman, ka haɗiye."

Allah ya jiƙan Inna, ya sa aljanna makomarta. Amma ta yi kuskure, kuma na daɗe ina jin zafinta. Ta duba 'ya'yanta uku, ta zaɓi wanda ta san ba zai ƙi ba, ta ɗora masa kayan. Wanda ya karya alkawari an lallaɓa shi, wanda ya cuci jama'a an rufa masa asiri, wanda ya yi gargaɗi tun farko shi aka yanka. Da na koma gida na gaya wa uwarku Hajo, tana tankaɗe, ta kife rariyar ta ce, "Ita ta haihe ka, amma mu za mu ci kunyar." Ta kwana biyu ba ta yi mini magana ba, kuma tana da gaskiya.

Ran Juma'a zaure ya cika. Limamin unguwa ya ce, "Mamman, kai ka buɗe injin. Mi ka gani?" Fistin ɗin yana aljihuna, ina jin nauyinsa a cinya. Na dubi Ɗantani, yana jan carbi. Na ce, "Ƙaddara ce, Malam." Aka jira in ƙara, ban ƙara ba. Kowa ya ɗauka amsa laifi na yi. Sai Ɗantani ya gyara murya ya ce, "A yi mai afuwa, jama'a. Kuskure ai kowa na yi." Wallahi tun da nake ba a taɓa zagina zagin da ya kai wannan afuwar ciwo ba. Na ciji leɓena har na ji gishirin jini.

Mako guda bayan haka na bi jirgi har Wara, na same shi gaban durorinsa. Na ce na yi shiru don Inna da Kulu, amma ya daina zuba kananzir, don ranar da injin wani zai mutu tsakiyar ruwa cikin iska, rai za a rasa. Ya dube ni sama da ƙasa, ya yi murmushi, ya ce, "Je ka hwaɗi mana. Wa za ya yarda da kai yanzu?" Hannuna ya kai ga wani ƙarfe da ke jingine a wurin. Allah ya taimake ni na tuna da ku. Ya ci gaba da sana'arsa yadda ya saba har tsufa, ya je Makka sau biyu.

Maganar da Inna ta ce iska za ta kwashe, ba ta kwashe ba. Masu babura suka fara janyewa, sannan masu jirage. Har matan da ke kawo injin niƙa suka koma wurin wani da ni na koya masa riƙe sifana. Nakan zauna tun safe har la'asar ba wanda ya tsaya, sai dai a wuce a yi mini sannu irin ta gidan makoki. Kafin shekara ta zagayo na rufe garejin, na kwashe ku muka koma Shanga, ina gyaran famfon lambu ina noma. Shekara goma sha ɗaya muka yi a can. Kai Sa'adu ka sha tambayata me ya sa ba ma zama gidanmu na Yelwa, nakan ce iskar ƙauye ta fi. To ga dalilin.

Yaya ya tashi, ƙafar ta gajarce, ya koma tafiya da sanda. Bai taɓa buɗe baki ya ce ni na yi ba. Bai kuma taɓa cewa ba ni ba ne. In aka tayar da maganar a gabansa sai ya ce, "A bar tone-tone, ɗan'uwana na," mutane su yi ta yabon haƙurinsa. Kowace Sallah yakan aiko mini da shadda, ni kuma in ba wa ladan.

Shekara talatin da wani abu muna haka, muna gaisawa, muna haɗuwa wurin suna da jana'iza. Da ciwon ajali ya kwantar da shi, ya aiko in zo. Na je da hantsi. Ya sa kowa ya fita, har matarsa. Ya rame har ban gane hannunsa ba. 

Ya ce, "Mamman, tun ina barin Wara na ji ƙarar. Na ji ta sarai. Na ce bari in ƙara wuta in isa gida da sauri kada ka ji."

Na zauna a bakin gadon.

Ya ce, "Na san ba kai ba na. Tun rannan na sani. Ka yahe min."

Na ce, "Yaya, ɗiyanka suna nan tsakar gida, su tara. Bari in kira su ka maimaita."

Ya kama bakin rigata ya ce, "Haba Mamman. In na hwaɗi yanzu, mi za su ɗauke ni?"

Na ce, "Abin da nawa sunka ɗauke ni."

Ya saki rigar, ya juya fuska bango. Na jira har aka yi kiran azahar, bai juyo ba. Na gyara masa matashi, na ajiye masa ruwa inda hannunsa zai kai, na fita. Kwana tara ya ƙara a duniya, bakinsa garau, ya yi wasiyya a kan gonaki da gidaje da wanda za a ba sandarsa. Ban ji ya kira kowa a kan maganata ba.

Ni na yi masa wanka, don ni kaɗai na rage namiji cikin 'yan ɗakinmu. Na yi komai yadda addini ya ce, ban gaggauta ba, ban tsallake ko'ina ba. Da na zo ƙafar hagu na riƙe ta a hannuna, ga tabon ɗinki, ga ƙashin da ya haɗe a karkace. Babban ɗansa yana zuba mini ruwa, ya ga na daɗe riƙe da ita, sai ya ce a hankali, "Baffa, kada ka damu, ai Baba ya daɗe da yafe maka."

Na ce, "Zuba ruwa."